Wasa 56 na DiMaggio da Buck Bokai na Star Trek: da me ake auna gwanin besbol?

Sabon_Makalli ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Akwai abin da ya ɗaure mini kai a shirin Star Trek: Deep Space Nine. Sisko, kwamandan tashar sararin samaniyar da ke cikin shirin, yana ajiye da ƙwallon besbol a kan teburinsa, kuma gwaninsa wani ɗan wasa ne wai shi Buck Bokai, wanda aka ce shi ya karya tarihin Joe DiMaggio a 2026. Tambayata biyu ce. Me wannan tarihi na wasa 56 yake nufi, har marubuta suka zaɓe shi suka bar sauran? Sannan idan ɗan wasa ya yi ritaya ana son a waiwayi aikinsa a ce wane ya fi wane, da me ake aunawa? Na ga masana da yawa suna sa Ted Williams gaban DiMaggio, alhali DiMaggio ne mai kofuna. A taimaka da bayani dalla-dalla.

Mai_Lissafi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in ɗauki ta farkon.

Abin da ake ƙirgawa shi ne bugun tsira, wato mai bugu ya doki ƙwallo cikin fili ya isa tasha ta farko lafiya, ba don mai tsaro ya yi kuskure ba. DiMaggio na New York Yankees ya samu aƙalla irin wannan bugu ɗaya a wasa 56 a jere, daga 15 ga Mayu zuwa 16 ga Yulin 1941. A tsawon lokacin ya yi bugun tsira 91 cikin damar bugu 223, wato matsakaicin .408. Ranar 17 ga Yuli a Cleveland abin ya tsaya, bayan mai tsaron tasha ta uku, Ken Keltner, ya tare ƙwallo biyu masu wuyar gaske ya jefa tasha ta farko kafin DiMaggio ya isa. Daga wasa na gaba kuwa sai ya kama sabon jeri na wasa 16.

Ka lura da dokar, don a nan mutane suke ruɗewa. Idan mai jifa ya yi ta kauce maka har aka ba ka wucewa kyauta a duk zuwanka na wasan, jerin bai karye ba, sai dai ba a ƙara maka komai. Amma in ka samu damar bugu ko ɗaya ka rasa, sauran duk kyauta ne, to ya karye. Haka in ka doki ƙwallo sama aka cafe, ko da abokinka ya samu ya ci maki da ita, ya karye. Kuma mai rubuta sakamakon filin ne ke yanke hukunci ko abin bugun tsira ne ko kuskuren mai tsaro, don haka hannun mutum ɗaya na iya raya jeri ko kashe shi.

Ga lissafin da ke nuna wuyar abin. Ɗauki gwani mai matsakaicin .350 da ke samun damar bugu 4 a wasa. Yiwuwar ya rasa duka huɗun ita ce 0.65 a ninka ta da kanta sau 4, kusan 0.18. Ke nan yiwuwar ya samu ko ɗaya kusan 0.82 ce. Ninka wannan da kansa sau 56, za ka samu kusan 1 cikin 60,000, idan aka fara ƙirga daga wani wasa takamaimai. Sauko da shi zuwa .300, wanda shi ma gwani ne, sai ta koma kusan 1 cikin miliyan 5. Yau kuwa matsakaicin manyan gasannin Amurka ya sauka zuwa .243 a 2022 da 2024, kuma mai bugu yakan fuskanci masu jifa uku ko huɗu a wasa ɗaya, kowanne da sabon hannu. Wanda ya fi matsowa tun 1941 shi ne Pete Rose da wasa 44 a 1978. Sauran wasa 12 cur.

Taskar_Taurari ta rubuta:

Ƙaramin gyara kan tushen labarin, Malam Sabon_Makalli. Ba a Deep Space Nine aka fara maganar ba. A Star Trek: The Next Generation ne, cikin kashin "The Big Goodbye" da aka nuna a Janairun 1988. Kyaftin Picard ya shiga ɗakin kwaikwayon duniya da kwamfuta ke sarrafawa, ya tsinci kansa a San Francisco ta 1941, ana sayar da jarida mai labarin jerin DiMaggio. Nan Data, mutum-mutumin da ke aiki a jirginsa, ya saki baki ya ce tarihin zai tsaya har 2026, lokacin da wani ɗan wasan London Kings zai karya shi. Ba a faɗi suna ba. Sai a 1993, a Deep Space Nine, aka ba shi suna Buck Bokai, Keone Young kuma ya fito a matsayinsa a kashin "If Wishes Were Horses". Wato layi ɗaya na barkwanci ne aka dawo aka gina masa mutum bayan shekara biyar.

Michael Piller, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Deep Space Nine, masoyin besbol ne na gaske, kuma shi ya rubuta kashin "Evolution" na The Next Generation a 1989 inda wani masanin kimiyya ke juyayin cewa wasan ya mutu. A duniyar shirin, gasar World Series (karawar cin kofin manyan gasannin besbol) ta ƙarshe an yi ta a 2042, 'yan kallo 300 kacal a filin. Abin dariya, ko na tausayi, shi ne shekara guda bayan fitowar Bokai yajin aikin 'yan wasa na Agustan 1994 ya sa aka soke World Series ta gaske, karo na farko tun 1904.

Dalilin zaɓen 56 a ganina bai wuce wannan ba: lamba ce da ba ta buƙatar bayani ga Ba'amurke. Marubucin ƙagaggen labarin kimiyya yana da daƙiƙa biyar ya nuna maka cewa duniya ta canja. In ya ce ga ƙungiya a Landan, kuma ɗan wasanta ya kayar da DiMaggio, ya gama. Landan dai ta ga wasannin gaske a Yunin 2019, Yankees da Boston Red Sox, 17-13 da 12-8, amma ziyara ce kawai.

Dabara iri ɗaya fim ɗin Back to the Future Part II na 1989 ya yi, da ya nuna Chicago Cubs sun ci kofin 2015 a kan wata ƙungiyar Miami. A lokacin Cubs ba su ci ba tun 1908, Miami kuwa ba ta da ƙungiya sam. Ta samu Marlins a 1993, sai dai rukuninsu ɗaya da Cubs, don haka ba za su taɓa haɗuwa a wasan ƙarshe ba. A 2015 ɗin New York Mets suka fitar da Cubs ranar 21 ga Oktoba, daidai ranar da jarumin fim ɗin ya sauka a "gaba". Shekara ɗaya bayan nan suka ci kofin a hannun Cleveland, 8-7 a wasa na bakwai.

Tsohon_Alƙalami ya rubuta:

To, tambaya ta biyu ce mai nama, kuma zan fara da abin da masoyan DiMaggio ba sa son ji: jerin 56 ba ma'aunin rayuwar ɗan wasa ba ne. Wata biyu ne cikin kaka 13. A 1941 ɗin nan Williams ya kammala kaka da .406, kuma har yau ba wanda ya sake kai .400 a cikakkiyar kaka a rukunonin American da National, wato manyan gasannin Amurka biyu. Ya shiga ranar ƙarshe da .39955, wanda da ya zauna a benci za a cike masa zuwa .400, ya ƙi, ya buga wasa biyu a Philadelphia ya yi bugun tsira 6 cikin 8. Duk da haka DiMaggio aka ba kyautar gwarzon shekara. Williams ma yana da nasa jerin, wasa 84 a jere yana isa tasha a 1949, amma da yake har da wucewa kyauta a ciki ba wanda ya yi masa waƙa.

Ga yadda ake bi. Da farko ka ajiye matsakaicin bugu gefe, domin ba ya ƙirga wucewa kyauta, kuma yana ɗaukar bugun tasha ɗaya daidai da wanda ya tsallake katanga. Duba yawan isa tasha da ƙarfin bugu. Williams yana da .482 na isa tasha a duk rayuwarsa, DiMaggio .398. Wannan tazara ba ƙarama ba ce: cikin kowane zuwa 100, Williams ya tsira sau 8 fiye da shi.

Daga nan sai ka gyara don zamani da fili, kuma a nan yawancin masu waiwaye suke zamewa. A 1968 masu jifa sun danne wasan har Carl Yastrzemski ya zama na ɗaya a rukunin American da .301 kawai, mai jifa Bob Gibson kuma maki 1.12 ake ci a hannunsa a kowane zango tara. Shi ya sa a 1969 aka rage tsayin tudun jifa daga inci 15 zuwa 10. Wanda ya yi .290 a 1968 ya fi wanda ya yi .310 a 1930. Fili ma haka. Tsohon filin Yankees yana da zurfi ƙwarai ta hagu da tsakiya, inda mai bugun dama irin DiMaggio ke aika ƙwallo, don haka cikin bugunsa 361 da suka tsallake katanga, 148 ne kawai a gida, 213 a waje. Ma'aunin OPS+ yana gyara waɗannan biyun lokaci guda: 100 shi ne matsakaicin ɗan wasa na zamanin. DiMaggio 155, Williams kusan 190.

Sai tsawon kaka. Kafin 1961 wasa 154 ake yi, daga baya 162, kuma rigimar Roger Maris da Babe Ruth kan bugun tsallake katanga 61 da 60 a kaka guda daga nan ta taso. Sai shekarun da aka rasa. Su biyun duk sun tafi aikin soja daga 1943 zuwa 1945, Williams kuma ya sake rasa mafi yawan 1952 da 1953 yana tuƙa jirgin yaƙi a Koriya. Duk da haka ya tara bugun tsallake katanga 521. Ba a ƙara wa mutum alƙaluman da bai buga ba, amma ba a kuma zarge shi da ƙarancin jimla.

A ƙarshe ake haɗa bugu da gudu da tsaro a ma'aunin WAR, wato yawan nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa fiye da wanda za a ɗauko daga benci. A kaka ɗaya, 2 ɗan wasa ne na yau da kullum, 5 tauraro, 8 gwarzon shekara. Shafin Baseball-Reference ya ba Williams kusan 122, DiMaggio kusan 79, kuma an riga an saka wa DiMaggio ladan tsaron tsakiyar fili, inda ya fi Williams nesa ba kusa ba. Gargaɗi biyu: kada ka haɗa lambar wannan shafi da ta FanGraphs a teburi ɗaya, lissafinsu ya bambanta, musamman ga masu jifa, kuma kimar tsaro ta tsofaffin zamanai ƙiyasi ce, bambancin 2 ko 3 ba hujja ba ce.

Kofuna 9 na DiMaggio fa? Na ƙungiya ne. Mai bugu sau ɗaya yake zuwa cikin mutum tara, komai gwanintarsa.

Mai_Lissafi ya rubuta:

Na yarda da Malam Tsohon_Alƙalami, sai dai jimlar WAR tana cutar wanda ya haska ya ɓace da wuri. Mai jifa Sandy Koufax ya ajiye wasa a 1966 yana da shekara 30 saboda ciwon gwiwar hannu, nasara 165 kacal, amma ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa sau 3 cikin kaka 4. Maganin shi ne tsarin JAWS na Jay Jaffe: haɗa jimlar rayuwa da jimlar kaka 7 mafi kyau, raba biyu, ka gwada da takwarorinsa masu matsayi ɗaya a fili. Zauren gwanaye na Cooperstown kuwa ƙuri'a ce ta marubuta wasanni: kaka 10 a manyan gasanni, ritayar shekara 5, sannan kashi 75 cikin 100. Wanda ya kasa samun kashi 5 an cire shi daga takardar.

Sabon_Makalli ya rubuta:

Na gode ƙwarai. Amma a 1941 ai ba baƙar fata ko ɗaya a gasar. Wannan bai taɓa lissafin ba?

Taskar_Taurari ta rubuta:

Ya taɓa, kuma OPS+ ba ya iya gyara shi, domin yana gwada mutum ne da waɗanda aka bari suka shiga fili kawai. Jackie Robinson, wanda ya buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar gasar, sai 15 ga Afrilun 1947 ya fara wasa da Brooklyn Dodgers. Jerin 56 da .406 duk an yi su ba tare da fuskantar Satchel Paige, gwanin jifa na gasar baƙaƙen fata, ba.

Shirin The X-Files ya taɓo wannan a kashin "The Unnatural" na 1999, wanda David Duchovny ya rubuta ya kuma ba da umarni: baƙon wata duniya ya ɓoye a siffar baƙar fata mai suna Josh Exley, yana buga besbol a Roswell a 1947. Sunan na tuna wa mai kallo Josh Gibson, gwanin bugu na gasar baƙaƙen fata. A Disamban 2020 hukumar MLB mai kula da manyan gasannin ta amince da gasanni bakwai na baƙaƙen fata na 1920 zuwa 1948 a matsayin manyan gasanni, a Mayun 2024 kuma ta shigar da alƙalumansu cikin kundinta. Nan take Gibson ya hau kan Ty Cobb a matsakaicin bugu na duk rayuwa, da .372 a kan .367, kuma .466 da ya yi a 1943 ta zama ta ɗaya a kaka guda. In za ka yi amfani da waɗannan lambobi, rubuta yawan wasannin a gefensu: kakar gasar baƙaƙen gajera ce, sau da yawa ba ta kai rabin 154 ba, kuma wasannin da aka samo cikakken sakamakonsu a tsofaffin jaridu kaɗai aka ƙirga.