"Dare rigar mugu": da yaron ake, ko da mai gidan?

Malamin Hausa: Jama'a, ga karin maganar da za mu tattauna yau: "Dare rigar mugu." Iyaye sun mayar da ita bulala, duk saurayin da ya shigo gida sha ɗaya na dare da ita ake tarbarsa. Amma a duba ginin maganar. Riga sutura ce, ba ta sauya halin wanda ya sa ta. Mugun yana nan tun da rana, dare rufa masa asiri kawai yake yi. Ke nan maganar ba ta ce duk mai yawon dare mugu ne ba, cewa take yi a lokacin ne ba ka iya bambance na kirki da na banza. Akwai kuma 'yar'uwarta, "Dare mahutar bawa," wadda ke nuna an yi dare ne don a kwanta. To wacce ta fi dacewa a faɗa wa ɗan shekara sha shida?

Tsohon Hedimasta: Malam, ta biyun ta fi, domin ita ce ake iya lissafawa. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10. Yaron da za a tasa sallar asuba wajen biyar da kwata, ya kuma kasance a makaranta kafin takwas, in ana son ya samu awa takwas ɗin sai ya kwanta tara da 'yan mintuna. Yanzu ɗauki daren wasan Zakarun Turai. A lokacin sanyi ƙarfe tara agogon Najeriya ake take wasa, a tashi kusan sha ɗaya. A tsaya musun wa ya ci wa, a tako gida, a ci tuwon da ya huce, a duba waya: sha biyu ta gota. Awa biyar ke nan. Washegari a aji za ka gan shi ya dafe haɓa, ido a buɗe amma ba kowa a gidan. Malami ya ce daƙiƙi ne, alhali bashin barci ne ke bin sa.

Ma'aikaciyar Jinya: Baba Hedimasta ya yi gaskiya, sai dai a ƙara abu ɗaya don kada a zalunci yaran. Da balaga agogon jiki yakan ja baya, sinadarin da ke kawo barci yana makara da awa ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa ɗan shekara tara ke ɓingirewa bayan isha'i, yayansa kuwa idonsa ƙyar har sha ɗaya. Ba taurin kai ba ne kaɗai. Hasken waya kuma yana ƙara jinkirta shi. In ana son gyara, a riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 duk bayan kwana biyu ko uku, a hana shayi mai kauri bayan magariba, waya kuma ta kwana a ɗakin uwa tana caji. Wanda ya ce daga yau sai tara, yaron zai kwanta ne kawai yana juyi, ko ya lulluɓa da waya a ƙarƙashin bargo.

Ɗan Sintiri: Ni dai ban yarda a sassauta "Dare rigar mugu" ba. Malam ya ce dare ba ya sauya hali. A takarda haka ne. A lungu kuwa, daga goma zuwa ɗaya, masu shago sun rufe, dattawan majalisa sun tashi, an ɗauke wuta, wa ya rage? Mai sayar da ƙwaya da mai jiran ya ga hasken waya a hannun wani. Yaron kirki abu uku ke samunsa a wannan lokacin. Ko a ƙwace masa waya, in ya yi gardama a sa masa wuƙa. Ko faɗan daba ya rutsa da shi don kawai an san unguwar da ya fito. Ko a zo kame a kwashe da shi, tunda mai kame ba ya tambayar wa ke da tarbiyya. Lokacin da gwamnatin Kano ta hana adaidaita sahu zirga-zirga daga goma na dare zuwa shida na safe a 2022, ai saboda irin wannan ne. Kuma a lura, duk yaron da ya wuce lokacin abin hawa a wata unguwa, da ƙafa zai dawo, ta hanyar da ya ga ta fi kusa, ita ce kuwa ta fi duhu.

Malamin Hausa: To ai ka ƙarfafa maganata ne, yallaɓai. Duk abin da ka lissafa, mugun wani ne, yaron shi ne abin farauta. Shi ya sa na ce kuskure ne uba ya dubi ɗansa ya ce masa "dare rigar mugu" da sigar zargi. Yaro ya ji an kira shi mugu, sai ya daina faɗin inda ya je.

Hajiya Uwar Gida: Ku duka kuna ta maganar yaro, ba wanda ya tambayi ina uban yake. "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Mai gidan da shi kansa sai sha biyu yake baro majalisa, da wane baki zai kafa dokar tara? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uwa tana cikin gida, ba ta ganin ƙofar waje. Kuma ku dubi yadda muke gini: da yaro ya balaga sai a ba shi shago a ƙofar gida, ƙofarsa na kallon titi, makullinsa a aljihunsa. An rufe gida ƙarfe goma, kowa ya ce alhamdu lillahi yara sun shigo, alhali wanda ake tsoron ya fita ɗakinsa ma a waje yake. Abokai biyar su kwana a ciki ba wanda ya sani. Gyaran ba shi da tsada: a toshe ƙofar titi, a fasa wata ta cikin soro, yadda shiga da fita duk sai ta ƙofa ɗaya. Bulo kaɗan ne da buhun siminti da aikin magini na yini guda.

Almajirin Zaure: Hajiya, Allah ya saka da alheri. A addini ma nauyin a kan mai gida yake. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin kiwonsa, ya ambaci namiji a kan iyalinsa, mace a gidan mijinta. Sai dai a yi hattara da hadisin Jabir da ake yawan kawowa, na cewa a tsare yara idan dare ya kawo kai. Wannan a kan shigar magariba yake, kuma a cikinsa an ce idan wani ɗan lokaci ya wuce a sake su, a rufe ƙofofi da sunan Allah. Wanda ya fi kusa da zancenmu shi ne na Abu Barza, cewa Annabi (SAW) yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta. Malamai sun keɓe hirar ilimi, da ta baƙo, da ta iyali. Makarantar dare ba yawon dare ba ce, in dai an san ƙarfe nawa ake tashi. Nan ne kuma yara ke samun kafa: a tashi tara, yaro ya shigo goma da rabi, a ce ai daga makaranta yake.

Ba-Damagare: A wajenmu Zinder da Maraɗi fada ake cewa, inda samari ke shimfiɗa tabarma su ɗora butar shayi har dare ya raba. Fada ba duka ce ɓatacciya ba, wasu su ke sharar unguwa da gadinta. Abin dubawa shi ne shekarun waɗanda ke ciki. "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai." Ɗan sha biyar a fadar 'yan ashirin da biyar, ɗan aike ne: sayo gawayi, sayo sukari, sayo taba, daga nan sai sayo abin da ba a faɗin sunansa. Uba ya je da ƙafarsa ya yi sallama sau ɗaya, ya sha kofi guda, ya ga fuskoki. Wannan ya fi tambaya ɗari a gida.

Ma'aikaciyar Jinya: Tunda an taɓo nan, ga abin da uwa za ta duba in ya shigo, ba tare da ta yi masa binciken 'yan sanda ba. Ta ajiye masa abincinsa a wurinta, yadda dole ya zo ya gaishe ta a cikin haske. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018, yana sa magana ta yi nauyi, ido ya lumshe, ga yawan soshe-soshe da son zaƙi. Wiwi jan ido ne da yunwa da warin da ake dannewa da turare ko cingam. Sholisho yakan bar wari a riga da ƙuraje a gefen hanci da baki. Tramol kuwa, wanda asibiti ke bayarwa mai miligiram 50 ne ko 100, na bayan fage har 225 ake samu, kuma yana iya jawo farfaɗiya ga yaron da bai taɓa yi ba. Alama ɗaya a dare ɗaya ba hujja ba ce. In ta maimaitu, ga kuɗi na ɓacewa a gida, to asibiti za a nufa, ba ɗaure shi a turke ba.

Ɗan Sintiri: Saura masu cewa "in ka wuce goma kada ka buga mini ƙofa." Wannan ita ce dokar da ta fi kowace ɓata yara. Ka kulle shi a waje, ina zai kwana? Shagon abokin da kake gudu, ko tasha, ko kango. Daren farko da tsoro zai yi shi, na uku ya gano ashe ana iya kwana a waje ba a mutu ba, shi ke nan makaminka ya tashi aiki. A buɗe masa, a ce ya kwanta, da safe bayan ya karya a yi hukunci: a karɓe waya kwana uku, ko a soke kallon wasa na gaba. Faɗan tsakar dare maƙwabta kawai yake tara wa mutum.

Tsohon Hedimasta: Wani zai ce ai "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," wanda ya kai sha bakwai ya riga ya bushe. Ban karɓi wannan ba. Masu gyaran sanda in ta bushe a karkace ba sa yar da ita, kuma ba sa danna ta da ƙarfi don karyewa za ta yi. Gasa ta suke yi a gefen wuta, su miƙar kaɗan, su sake gasawa. Ɗan sha uku a ce masa daga sallar isha'i sai gida. Ɗan sha bakwai a zauna da shi a yanka lokaci, misali tara da rabi ranakun makaranta, daren wasa kuma a ƙara masa zuwa tashi da minti ashirin na tafiya, da sharaɗin ya faɗi gidan kallon da zai je da wanda za su dawo tare. Ya cika alkawari wata guda, a ƙara masa igiya. Ya saɓa, a rage.

Hajiya Uwar Gida: Kun manta 'yan mata. Yarinyar da aka ɗora wa tallan dare aka ce kada ta dawo da saura, an riga an yanka mata lokacin dawowa: sai faranti ya ƙare. Wanda zai saye ragowar gaba ɗaya ƙarfe goma kuwa ba don gyaɗar yake saye ba. A rage yawan abin da ake dafawa, a ce ana kiran isha'i ta taho ko da saura. Zance kuma a soro, da fitila, da ƙanenta na kai-komo, tara ta yi a aika a ce ta shigo. Ba a cikin mota mai baƙin gilashi a bayan layi ba.

Malamin Hausa: To "ɗa na kowa ne" fa? Da can maƙwabci na iya kora yaro gida da tsawa, uban ya zo ya yi godiya.

Ba-Damagare: Yanzu ka kora ɗan wani, uban ne zai zo maka da sammaci. In ana son ta yi aiki sai iyayen layi sun zauna gaban mai unguwa sun yarda da baki ɗaya, a ba 'yan sintiri lambar wayar kowane uba, a kuma ce musu rakiya gida ce aikinsu, ba duka ba.

Almajirin Zaure: Duk wannan tsarin sai a sake zama a kansa kafin azumi. Daga goma ga wata yara na tashe, goman ƙarshe ga tahajjud daga wajen ɗaya na dare, ga masu ɗinki da ke kwana a shago da yaransu. Wanda ya ce masallaci za shi ƙarfe ɗaya, Hajiya, wa zai bi shi ya gani?

Hajiya Uwar Gida: Ubansa mana, Malam. Ba sahu ɗaya za su tsaya ba?