Injin wankina yana ta gurnani amma ruwa ba ya shiga

Maman Sadiya, Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Maigida ya sayo mana injin wanki na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi. Idan na kunna sai in ji "zzzz" daga bayansa, daidai inda tiyo ke shiga, ruwa kuma sai ɗigo-ɗigo, can sai ya tsaya da kansa. Wani mai gyara ya ce wai solenoid bawul ne ya mutu, in kawo kuɗin sabo. Kafin in zare sidina ina so in san mene ne wannan abin. Daga tanki muke samun ruwa, yana kan dakali a tsakar gida.

Usman Mai Waya, Asawase:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yi gaggawar saye. Wannan ƙarar da kike ji ma alama ce koyil ɗin, wato nannaɗaɗɗiyar wayar da ke cikin bawul ɗin, yana da rai.

Solenoid bawul famfo ne da wuta ke buɗewa. A cikinsa akwai siririyar wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe zagaye dubbai, tsakiyarta kuma ɗan guntun ƙarfe ne da sifirin ke dannewa ƙasa. Wuta ta shiga, wayar ta zama maganaɗisu, ta fizgo ƙarfen sama. Wuta ta ɗauke, sifirin ya mayar da shi ya toshe. Shi ya sa ko dumso, wato ɗaukewar wuta, ya same ki tsakiyar wanki, ɗakin ba zai cika da ruwa ba.

Amma ga inda mutane ke ruɗewa. A irin na injin wanki, ƙarfen nan ba shi ke buɗe babbar hanya ba. Akwai faifan roba da ya rufe ta, da ƙananan huji biyu a jikinsa. Ruwa na bi ta ɗaya ya taru a saman robar ya danne ta. Aikin maganaɗisu kawai ya buɗe ɗaya hujin na tsakiya, ruwan saman ya zurare, sai na ƙasa ya ɗaga robar ya wuce. Kenan ƙarfin ruwan ne da kansa ke buɗe ƙofar. In ruwan ya zo ba ƙarfi, robar ba za ta ɗagu sosai ba, ko da sabon bawul ne fil.

Dakalin nan naku, tsayinsa nawa?

Maman Sadiya, Aboabo:
Bai kai kafaɗata ba, Malam Usman.

Usman Mai Waya, Asawase:
To ai ga ɓarawon nan. Kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana ba da kusan bar 1, bar kuwa ma'aunin ƙarfin ruwa ne. Injina da yawa suna neman aƙalla rabin bar, wato saman ruwan tanki ya ɗara bakin injin da mita 5. Naki da kyar zai kai mita 2, kuma yana raguwa yayin da tankin ke sauka. Ko a ɗaga tankin, ko a sa ƙaramin famfon da ke ƙara wa ruwa ƙarfi.

Alhaji Fita, Suame Magazin:
Usman ya yi bayani, amma ni da ni ne zan fara da mai arha. Hajiya, zare filogi daga soket tukuna, wuta mai volt 230 ce a wajen ba 12 irin ta mota ba. Rufe ruwa, kwance tiyon. A bakin bawul ɗin za ki ga 'yar rariya, ki jawo ta da filaya a hankali. Ruwan tanki, musamman in na rijiyar burtsatse ne, yashi da gansakuka sukan like ta tsaf. Tsohon buroshin haƙori ya isa. Sannan ki sa bakin tiyon a bokiti ki buɗe, ki ga yadda ruwan ke zuwa da idonki.

Shi kuma mai gyaran naki, ya ɗora mitar awon wuta a kan koyil ɗin kuwa, ko da kunne ya yanke hukunci? In ya dawo ki ce ya auna a gabanki. Koyil na volt 230 mai lafiya yakan nuna ohm (ma'aunin turjiyar waya) dubu uku zuwa huɗu da wani abu. In mitar ba ta motsa ba sam, to nan ne waya ta tsinke, sai a yi maganar sabo.