Burgar 'yan rumfa a filin ƙwallo

Ɗan Ƙofar Mata: Jama'a ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Jiya na je filin Sani Abacha kallon Kano Pillars. Tun azahar muke kan siminti rana tana gasa mu. Sai da aka kusa tafiya hutun rabin lokaci wasu suka shigo rumfar manya da manyan riguna da 'yan rakiya, kowa sai an tashi an gaishe shi. Wallahi har aka ci ƙwallo ɗayansu bai gani ba, ya ba wa fili baya ana ɗaukarsa hoto. Wannan ba kallo ba ne, burga ce. A bar rumfar nan ga dattawan da suke bin ƙungiyar tun kafa ta a 1990.

Malam Bazazzagi: Allah ya huci zuciyarka ƙanena, amma ba burga ake cewa ba. Burga barazana ce, mutum ya zare maka ido alhali ba abin da zai iya. Wa suka tsorata? Abin da ka gani sunansa ƙwambo.

Ɗan Ƙofar Mata: Malam, to idan na ce wane ya burge ni, tsorata ni ya yi?

Malam Bazazzagi: Burgewa daban, burga daban. Yaran yanzu ne suka cakuɗa su.

Hajiyar Fagge: Malam, a gidanmu tun ina yarinya ake cewa "ɗan burga" ga wanda ya ci ado don a gan shi. Kakata ma haka take faɗa, kuma ba yarinyar yanzu ba ce.

Bakatsine: Duk kun kauce. Fankama ce. Ƙwambo na mai abu ne, fankama ta wanda ba shi da shi. Rabin masu zama rumfar nan arziƙin wani suka ci aka shigar da su.

Na Sabon Gari: Turawa sun huta da wannan rigimar, kalma ɗaya gare su, grandstand. Ita ce rumfar 'yan kallo, ita ce kuma yin abu don a tafa maka. A Amurka ta samo wannan ma'ana ta biyu, wajen ƙarshen ƙarni na 19, kan ɗan wasan da zai ƙawata abu mai sauƙi don mutanen rumfa su yi masa shewa. Kun ga ke nan mai yi yana cikin fili, ba a kan kujera ba.

Malam Bazazzagi: Muna maganar Hausa ka kawo mana Turanci. Mu ma muna da "ganin ido", me ya rage mana?

Ustaz: Sunansa na gaskiya riya.

Hajiyar Fagge: Haba Ustaz, riya a ibada take. Kallon ƙwallo ya zama nafila?

Ustaz: Hajiya, zuciyar dai ɗaya ce.

Bakatsine: Maganar Na Sabon Gari ta fi kama hankali. Masu yi don rumfa suna cikin fili. Ɗan wasa ya samu abokinsa shi kaɗai a gaban raga, ya ƙi ba shi, ya tsaya yanka don a kira sunansa. Abin da ya jefa ku rukuni na biyu a 2022 ke nan.

Ɗan Ƙofar Mata: Ka iya bakinka. Kofin gasar ƙasa huɗu muke da shi, 2008, 2012, 2013, 2014. Mu muka fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 muka kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka. Mun faɗi, shekara ɗaya muka dawo. Katsina United nawa ta ɗauka?

Bakatsine: Ka zo ka ga filin Muhammadu Dikko tukuna.

Ɗan Ƙofar Mata: Gini ba ya cin ƙwallo. Namu ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Sai Masu Gida!

Malam Bazazzagi: To wannan da kuke yi yanzu shi ne kuri. Ku lura da bambancin, kuri da baki ake yinsa.

Hajiyar Fagge: Kuri ne idan ƙarya ne. Kofunan suna nan, Malam.

Na Sabon Gari: Ku amsa min wannan. Ko a hawan Daushe, wa ke nuna kansa, mai doki ko wanda ke zaune a rumfa?

Ustaz: Kada a sa masarauta a cikin wannan.

Hajiyar Fagge: Magariba ta yi, bari in tattara. An yarda burga ta halatta a wannan wurin, tunda haka Kano take faɗa kuma kowa ya gane nufin yaron nan. Malam ya kawo ƙwambo amma bai kawo hujja ba. Turancin Na Sabon Gari mun ji, na can ne. Bakatsine kuwa har yanzu bai faɗi kofi nawa suke da shi ba.

Malam Bazazzagi: Hajiya, ni ban yarda ba, kada a rubuta ni a ciki.

Ɗan Ƙofar Mata: To rumfar fa? Dattawan nan haka za su ci gaba da zama a rana?