Akwatin Mushe (malamin lakwal): musayar baiti kan littattafan ƙuruciya

Mushe, Birni:
Assalamu alaikum ƴaƴana. Jiya na buɗe akwatin ƙarfen nan da nake ajiyewa bayan tablo tun kuna lakwal. Ina so in sake cika shi saboda yaran unguwa. Da baiti za ku amsa, kowane baiti ya sauka a kan "na".

Na buɗe akwati da hantsin jiya,
Na iske gara ta ci rabin dukiya,
Hawaye ya zubo, ban ɓoye gaskiya,
Ina ta tuna ku, ya ɗalibaina.

Ku faɗi wanda ya hana ku barci,
Wanda kun fi so bisa ga abinci,
Wanda kun karanta kun mance ƙunci,
In nemo shi in mai da akwatina.

Ɗiyar Zango:
Wa alaikumus salam Mushe, Allah ya ƙara girma.

Mushe, ni nawa Magana Jari Ce,
Kawu ya kawo daga Kano da maraice,
Bango ya yage, gefe ya lalace,
Ya fi zinariya kyau a idona.

Akun nan da ke tsare ɗan sarki,
Kullum da labari mai ban mamaki,
Ni ma ya tsare ni har na bar aiki,
Tuwo ya kama, Inna ta ja kunnena.

Da fitilar ƙwai nake bi a hankali,
Hausar boko ba mu gan ta da alli,
Ni na haɗa baƙaƙen da wasali,
Har na ji muryar gidanmu a littafina.

Mushe, Birni:
Madalla ɗiyata. Na Abubakar Imam ne, a Zariya aka fara buga shi a 1937, kuma juzu'i uku ne. Biyu gare ni a akwatin, na ɗaya gara ta bar mini bango kawai.

Ɗan Garin Malam:
Allah ya gafarta Mushe, a yi mini haƙuri, tawa da ɗan ɗaci.

Allo na fara riƙa kafin kaye,
Tawada da alƙalami suna gefe ajiye,
Da asuba mu taru, wuta na zagaye,
Can na san daɗin harafi a bakina.

Da na zo lakwal, Mamadou et Bineta,
Hotunan ciki sun sa na so karanta,
Yara baƙaƙe ne kamar na unguwata,
Sai dai ba sa magana da harshena.

Ran da na ce "ruwa" cikin kilas,
Aka rataya min sambol, babu sassauci ko ƙas,
Na yini da shi, zuciya ta yi tsamas,
Ƙashi da igiya yana lilo a wuyana.

Littafin ban ƙi shi ba har gobe,
A sa shi a akwati, kar a zaɓe a keɓe,
Amma a bar yaro ya tambaya ya duba,
Ya ce "ban gane ba" da Hausa, roƙona.

Mushe, Birni:
Na karanta wannan sau uku kafin in iya amsawa.

Ɗana, ka taɓo inda ke mini ciwo,
Ni na rataya ma, ba wani ya kawo,
Haka aka koya min, haka na ɗauko,
Ka yafe mini, na amsa laifina.

Na ga fuskarka ran nan, ban mance ba,
Ka sunkuyar da kai, ba ka yi kuka ba,
Sati guda ba ka ɗaga hannu ba,
Kai da ke fara amsa tambayoyina.

Abin da ke ƙara damuna, a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da harshen gida, da Hausa, tun 1973. Muna gari guda da ita, amma mu muna can muna bin tsohuwar hanya. Littafin da ka ambata kuwa André Davesne ya rubuta shi tun zamanin Turawa, ya koya wa dubban yara karatu. Zai shiga akwati, sambol ba zai biyo shi ba.

Ɗan Garin Malam:
Na yafe Mushe, duniya da lahira,
Kai ka biya min kuɗin kaye da jakar fara,
Ran da Baba ya rasu kai ka fara kira,
Alherinka ya rinjayi ƙorafina.

Direban Agadas:
Ina tasha ana lodi, ga nawa a gurguje.

Ruwan Bagaja nake ɗauka zuwa famfo,
Layi ya yi tsawo, jarka kan komo,
Malam Zurƙe ya sa dariya ta ɓarko,
Mai neman ruwa na karanta wa ƴan layina.

Mushe, zan saya idan na shiga Kano wata mai zuwa, kar ka kashe ko dala.

Auta:
Sannunku yayyena. Mushe, ni nawa ba shi da bango.

Kaka ce littafina na farin gani,
"Ga ta nan, ga ta nanku" daren rani,
Mu ce "ta zo mu ji ta", tabarma ɗaya da ni,
Gizo da Ƙoƙi suna yawo a tsakar gidana.

Takan lanƙwasa harshe ta yi tsamin baki,
Gizo ya yi ƙarya ya cuci sarki,
Mu riƙe ciki, har mai barci ya farki,
Goro a kumatunta, hannunta a kaina.

Ta ba mu labarin Sarki Tanimun,
Mai ganuwar Birni da igwa a ƙofofin,
Duwatsun garin nan duk ta san sunayen,
Ko ɗaya ban gani a akwati ba, Mushena.

Bara ta rasu, na rubuta sha biyu,
Sauran sun bi ta, ba su samu ba su tsayu,
Kaye guda ne, rubutun hannu mai karantuwa,
In ka yarda zan kawo, shi ne rabona.

Ɗiyar Zango:
Allah ya jiƙan Kaka. Auta, ki kawo in buga shi a kwamfuta, mu yi kwafi goma. A ƙara da cewa garin nan ne babban birnin ƙasa har 1926, ɗana na aji huɗu bai sani ba sai da na gaya masa.

Mushe, Birni:
Amin. Auta, kar ki gyara Hausar Kaka, ki bar ta yadda ta faɗa.

Ran Alhamis in an taso kasuwar Dole,
Ku biyo ta gida, ƙofa na buɗe,
Kowa da nasa, ko ya tsufa ya koɗe,
Shayi na kaina, tabarma a zaurena.

Ɗan Garin Malam, ka zo da bulo huɗu mu ɗaga akwatin daga ƙasa. Wani ya tsinko ganyen dogon yaro, a shanya shi tukuna kafin mu shimfiɗa a ciki.

Ɗan Garin Malam:
To Mushe. Bayan la'asar in sha Allah.