Wai da gaske ana shata wa ƙwayoyin halitta hanya da haske?

Ɗan Kabuga: Salam jama'a. Don Allah 'yan bayokemistiri ku agaza, an ba ni semina a kan haidirojel, wato jel mai riƙe ruwa da yawa, irin wanda ake zanawa da haske, na yi ta karatu har kaina ya ɗau zafi. Haske dai ba tawada ba ne, to me yake ajiyewa a cikin jel ɗin da har sel, wato ƙwayar halitta, zai bi? Litinin zan gabatar wallahi.

'Yar Gwale: Wa alaikas salam ƙanena. Ba ya ajiye komai, buɗewa yake. Jel irin na PEG (polietilin glaikol, wani sinadari mai son ruwa) sel ba ya iya manne masa, sai a saƙa wani sinadari a ciki a toshe bakinsa da nitrobenzil, wani sinadari da haske ke cirewa, da hasken UV (wanda ido ba ya gani) mai tsawon zango nanomita 365 (365 nm) ya sauka sai toshiyar ta ɓalle, to in aka zuba RGD nan kaɗai zai kama, wato amino asid ukun nan na jikin furotin ɗin fibronektin da sel ke damƙa da integrin ɗinsa, wato ƙugiyoyin da ke jikin fatarsa. Inda haske bai taɓa ba babu abin riƙewa. Ka taɓa ganin masu buga riga a Sabon Gari suna gasa sikirin? Inda fim ya tare haske ba ya aiki, haka abin yake. Molly Shoichet ta Toronto ta yi shi a 2004 da wani jel mai suna agaros da leza, jijiyoyi suka bi layin RGD ɗin suka tsiro.

Malam Na'ibawa: Hajiya ta gama magana, amma ka ƙara batun tauri, malamai na son sa. A 2006 su Dennis Discher sun nuna sel na tushe, wato wanda zai iya rikiɗa ya zama wani nau'in sel, a kan jel mai laushi yana karkata ga zama na jijiya, a kan mai tauri kuma na ƙashi. Sai su Kristi Anseth na Colorado a 2009 suka fito da jel da haske ke yankawa, ka sassauta shi alhali sel na ciki da ransa. Ni wannan ya fi burge ni gaskiya.

Ɗan Kabuga: Allah ya saka da alheri. To in ce zai gyara laka kenan ga wanda ya yi haɗari?

'Yar Gwale: Kul, kar ka faɗi haka su yi maka ca. Yawanci aikin lab ne har yanzu, haske ba ya ratsa nama da nisa, UV kuma in ya yi yawa yana ɓata DNA, shi ya sa wasu suka koma hasken 405 nm da ido ke gani, ko leza mai fotan biyu da ke aiki a daidai ɗigon da aka auna kawai. Ka sa wannan a silaid na ƙarshe tun kafin su tambaye ka.