Wai mene ne "ranking", kuma ya bambanta da teburin La Liga?

Ɗan Ringim:
Salamu alaikum 'yan uwa. A gidan kallon ƙauyenmu, idan an gama wasan Real Madrid, sai a rubuto "clasificación" a talabijin. Yara kuma kullum "ranking" suke cewa. Abu ɗaya ne?

Malam Na Gwaram:
Wa'alaikumus salam. Duk jeri ne daga na sama zuwa na ƙasa. "Clasificación" shi ne teburin gasa da Sifaniyanci: nasara maki 3, kunnen doki maki 1, ukun ƙarshe su faɗa rukuni na biyu, wannan faɗuwar ita suke kira "descenso". Abin da ke rikita mutane shi ne idan maki ya zo ɗaya. A Sifaniya ana duba wanda ya ci wani a haɗuwarsu, a Ingila kuwa bambancin ƙwallaye ake fara dubawa.

Baban Hauwa:
Malam ya faɗi gaskiya. "Ranking" kuma an fi jin sa kan ƙasashe. FIFA ta fara nata a 1992, Najeriya har ta taɓa kaiwa ta 5 a 1994. Yanzu kam sai dai addu'a.

Ɗan Ringim:
Na gode. Ashe gardamar da muke yi a bakin mai shayi ba ta da tushe.