Kyanwar Farisa: gashinta na curewa, ina matsalar take?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Masu kiwon kyanwar Farisa, ku taimaka da abin da kuka sani. Ana shafa wa tawa buroshi kullum amma gashin sai ya cure, ga hawaye ba ya tsayawa.

Mai kiwon kuliyoyi: Wa alaikumus salam, Malam. Gashinta hawa biyu ne, dogo a sama, mai laushi kamar auduga a ƙasa, kuma na ƙasan ne ke curewa. Buroshi saman kawai yake shafa. A nemi matajin ƙarfe mai manyan haƙora, a riƙa buɗa gashin kashi-kashi har a ga fata, a taje kamar minti 10 kullum. Inda aka fi mantawa: hammata, bayan kunne, ƙasan ciki da tsakanin cinyoyi.

Mai aski da wankan dabbobi: In ya riga ya cure, don Allah kada a jiƙa shi, ruwa ƙara ɗaure shi yake. Kada kuma a sa almakashi. Fatar kyanwa ba ta da kauri, takan ɗago ta shige cikin curin, sai a yanke ta ba a sani ba. Ƙaramin curi a warware shi da yatsa daga baki, babba sai injin aski.

Likitar dabbobi: Ɗan'uwa, hawayen daga siffar fuskar yake. A wajajen 1620 matafiyi ɗan Italiya Pietro della Valle ya kawo labarin kuliyoyi masu dogon gashi na Khurasan, wani yanki na ƙasar Farisa, zuwa Italiya, kuma waɗanda aka baje a gasar kuliyoyi ta zauren Crystal Palace na Landan a 1871 hancinsu da ɗan tsawo. Fuskar nan da ta shige ciki masu kiwo ne suka yi ta zaɓarta tun shekarun 1950, ni kuwa ban ga alherin da aka yi wa dabbar ba. Hanyar da hawaye ke bi zuwa hanci ta lanƙwashe, sai ya zubo waje, numfashi ma ya yi nauyi lokacin zafi. A goge ƙasan ido da auduga da ruwan ɗumi safe da yamma, kowane ido da tasa audugar. In kwantsar ta koma ruwan ɗorawa ko kore, a kai ta asibiti.

Mai kiwon kuliyoyi: Hajiya ta yi gaskiya. Mai saye kuma ya tambayi sakamakon gwajin ciwon ƙoda na gado, PKD, domin ko ɗaya cikin iyayen ke da shi yana iya bin 'ya'yan.